Mai Jirage a Kwale-kwalena

Haladu, ɗan Talle mai saƙar koma,
damina ɗaya aka yaye mu.
Ni na gaji gora da ƙugiya,
kai ka gaji tsoron ruwa.

Ka tuna shekarar da kogi ya batse,
motar makaranta na jira a tsallake?
Ka kifa ciki a kan gorata,
littattafai a ka, ɗaure da igiyar rama,
kana salati, ina tura ka da ƙirji
har ƙafarka ta taɓa laka a Gamsarka.
Ba ka waiwayo ba. Ban ji haushi ba,
wanda ya tsira ba ya kallon ruwa.

Daga nan sai labari.
An ce kana akawu a Kaduna,
an ce Legas, an ce wani bene a Abuja
inda fayil ya fi buhunan shinkafarmu yawa.
Furfura ta same ka a kan kujera,
ta same ni tsakiyar kacala
ina laluben tarwaɗa da gaiwa.

Rannan da magariba rediyon Sale ya faɗa:
an damƙa maka sha'anin sojan ruwa.
Sarkin Ruwa ya ƙware da goro don dariya.
Mutumin da ko tafki ya wuce gwiwa
sai ya nemi hanyar kewayawa!

Ba ka taɓa sa kaki ba.
Da babbar riga kake shiga,
masu taurari a kafaɗa su ƙame.
Makaminka biro. Da shi ake zuba wa jirgi mai,
da shi ake ɗinka takalmin kurtu,
da shi matar mamaci ke samun na tuwo
ko ta shekara tana zuwa tana komawa.

Na kawo maka Hudu, ɗana na fari,
yaron da ke nitso ya kamo ragon ruwa da hannu.
Ka ce a gwada shi kamar kowa.
Tsayinsa ya gaza da yatsa biyu.
Yatsa biyu, Haladu.
Shekara uku ban amsa sallamarka ba,
ko a jana'izar Talle gefe na tsaya.

Sai da ka zo wata sallar layya
ka zauna a tabarmata ba gayyata,
ka ce jirgi ya kife da yara goma sha ɗaya
a wani dare, a bakin teku,
ka ce kai ka sa hannu a takardun iyayensu,
kuma tsohon jirgin, tun kafin zuwanka
wani ya saye shi da sunan sabo.
An kawo maka irinsa, ka rufe biro.
Ba ka ƙara magana ba. Na miƙa maka fura.
Hudu na bayan gida yana gyaran koma.

Shekara talatin da biyar suka cika.
Ka dawo Auyo da akwati huɗu da ciwon gwiwa.
Gari ya ce ba titi, ba famfo,
ina amfanin babba a sama?
Ka ji, ka gyara hula, ka sayi fadama.
Fansho wani wata ya zo, wani wata ya manta hanya.

Bana ma kogi ya batse.
Gonarka na can tsallake, janbaki na shirin sauka.
Ka shigo kwale-kwalena kana ƙirga fasinja,
ka raba rigunan ruwan da ka sayo mana,
goma sha ɗaya, na ƙirga, ban tambaya ba.
Ka riƙe gefe da hannu biyu
har jijiyoyi suka tashi.

Ka ce, Barau, a hankali.
Na ce, ranka ya daɗe, zauna daidai,
nan ba a sa hannu.
Na kafa gwangwala, na tura mu cikin ruwa.